Maganin Zafi da Sini Ya Dafa wa Abokina

A cikin duk abin da ya same ni a shekarun da na yi ina karatu a Masar, akwai abu guda da na san ko tsufa ya ci tunanina ba zai iya cin sa ba, wato rasuwar abokin zamana da abin da ya biyo bayanta. Na manta fuskokin malamai da yawa, na manta rabin baitocin da na haddace saboda jarrabawa, amma wannan yana nan daram. Ban cika son ba da labarin da baki ba, don muryata ba ta kai ni ƙarshensa. Shi ya sa na ga gara in rubuta.

Mu biyu muke zaune a wata 'yar shaƙƙa, wato ɗan sashen gidan haya, a Hadayek el-Maadi, can saman wani tsohon bene. Yawancin ɗalibai 'yan'uwanmu suna unguwannin da ke kusa da makaranta, mu kuwa sauƙin haya ya kai mu nan cikin 'yan Sudan da Habashawa, kullum sai mun bi metro, jirgin ƙasan cikin gari. Abokin nawa mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Zamfara. Dogo ne siriri mai yawan dariya, ba ya zama wuri a yi shiru. Shi ke mana girki, ni wanke-wanke, saboda ranar da na fara dafa mana shinkafa ya kai loma ɗaya ya ce, "Malam, don Allah ka tsaya a kan nahawu, shi Allah ya hore maka."

Na ukunmu ba Bahaushe ba ne. Wani ɗan ajinmu ne Musulmi daga ƙasar Sin, wanda kowa ke kira Sini har sunansa na yanka ya ɓace. Gajere ne mai kunya, kullum da 'yar farar hula. Yana zaune wurin kawunsa mai ɗan gidan abinci a Ma'adi, inda ake murza taliya da hannu, don haka jirgi ɗaya muke shiga safe da yamma. Jininsu ya haɗu da abokina tun shekarar farko. Larabcin littafi suke yi wa juna, don shi kaɗai suka haɗa, har Misirawan da ke cikin jirgi su riƙa kallonsu suna dariya, wani in sun gama magana ya ce "sadaƙallahul azim". Abokina ya koya masa cin tuwo da hannu, shi kuma ya yi ta fama ya koya mana cin taliya da tsinke biyu har ya haƙura.

Ciwon ya fara ne da shigowar bazara, lokacin da zafin Alƙahira ke sa kwalta ta yi laushi, jarrabawa kuma ta matso. Da farko ƙuraje ne suka fito wa abokina a harshe da cikin leɓe, har ya daina sa mana yaji a miya. Sai dasashinsa ya fara jini in ya yi asuwaki. Da yamma jikinsa ya ɗau ɗumi, da safe ya wartsake. Duk wanda ya ji sai ya ce zafi ne. Wane ɗalibi ne a Masar bai taɓa ƙurajen baki da bazara ba, ga ful da ta'amiya, wato dafaffen wake da ƙosan Misirawa, safe da yamma, ga rashin barci?

Wata rana muna muraja'a, wato bitar karatu, a falonmu, Sini ya lura abokina yana cije baki in zai karanta. Ya ce ya fito da harshensa. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "A garinmu cewa ake yi wuta ta hau."

Abokina ya ce, "Mu ma zafi muke cewa. Ashe tsofaffinmu da naku makaranta ɗaya suka yi."

Washegari sai ga Sini da 'yar tukunyar ƙasa da wani ƙunshi. Ya ce mahaifiyarsa ce ta cusa masa a jaka ranar da zai taho, don ta ji an ce Masar ƙasar zafi ce. Abu huɗu ne a ciki: saiwoyi iri biyu masu ruwan ɗorawa, da ɓawon wani itace, da wasu busassun 'ya'yan itace jajaye. Ya faɗa mana sunan haɗin da yarensu, harshena bai taɓa iya maimaita shi ba, amma ya ce ma'anarsa ruwan da ke kashe wuta ya kori dafi. Ya ce ba shi ya ƙirƙira ba, tsohon haɗi ne da yake rubuce a littattafan maganinsu tun kaka da kakanni, kuma kusan kowane gida an san shi.

Har yau ina ganinsa tsaye a ɗan kicin ɗinmu, zufa na bin wuyansa. Ya jiƙa saiwoyin, ya ɗora a wuta, da ya tafasa ya rage wutar ya tsaya a kai kamar mai gadi. Ya tace, ya sake zuba ruwa ya kuma dafawa, sannan ya haɗa na farko da na biyu. Ruwan ya fito rawaya mai duhu, warinsa ya cika gidan har matattakala. Na tsoma yatsa na lasa. Wallahi maɗaci zuma ne a kansa.

Abokina ya toshe hanci ya runtse ido ya kwankwaɗe, sannan ya yi tsalle ya ce, "Innalillahi! Sini, me na yi maka a duniya?" Sini yana dariya ya jefa masa dabino a baki. Amma da dariyar ta lafa ya ce, "Kwana kaɗan ake sha, ya akhi. Kakata tana cewa wannan ruwa ne a kan wuta. In wutar ta mutu ka ci gaba da zubawa, murhun za ka lalata. In bai yi sauƙi ba, sai likita."

Ya kuwa yi sauƙi. Ƙurajen suka lafa, ya koma cin abinci, yaji ya dawo miyarmu. Sai dai sauƙin bai daɗe ba. Ƙurajen suka dawo, wannan karon har da haɓo, ga wata gajiya da ke sa ya zauna ya huta a tsakiyar matattakala, shi da a da yake hawa da gudu. Ya roƙi Sini ya sake dafa masa. Sini ya ce a je asibiti, shi kuma ya ce, "Bari dai in gama jarrabawa. In suka kwantar da ni yanzu, shekara guda ta tafi a banza." Ya yi ta magiya har Sini ya sake ɗora tukunya. Da ya nemi karo na uku ne na fara jin Sini ya ɗaga murya tun da na san shi.

"Khalas! Ba zan dafa ba. Wannan ba zafi ba ne. Ni ba likita ba ne, taliya nake murzawa!"

Ni ma na sa baki, muka taru a kansa. Ya yi mana alkawarin ranar da ya rubuta takarda ta ƙarshe, daga makaranta asibiti zai wuce. Ya rubuta ta kuwa. Muna tsaye a tasha muna jiran jirgi yana ba mu labarin tambayar da ta ba shi wuya, sai maganar ta yanke, ya sulale ƙasa a tsakaninmu.

A wani asibiti da ke Dokki aka kwantar da shi. Bayan gwaje-gwaje likita ya kira ni gefe ya ce ciwon daji ne na jini, kuma irin mai saurin nan. Ya tambaya ko ya sha wani abu a gida, na faɗa masa, Sini ya kawo ƙunshin ya yi bayanin kowanne. Likitan ya duba ya ce, "Ba wannan ya kawo ciwon ba. Ciwon yana cikin ɓargo tun kafin ƙurajen su fito." Na ce, to da an zo da wuri fa? Ya ce, "Da wuri kullum ya fi. Amma irin wannan, Allahu a'alam."

Abin da likita ya faɗa ke nan, da kunnena na ji. Amma kafin labarin ya zagaya cikin ɗalibai ya canza kama. Daga "ya sha maganin Sin kafin a kwantar da shi" aka koma "maganin ne ya ƙone masa jini", daga nan aka kai ga "gwaji aka yi da shi". Na maimaita maganar likita har bakina ya gaji. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma kafin furen ya kaɗe yakan rufe wa mutane ido. Yanzu da na girma na gane ba mugunta ce ta sa su ba. Tsoro ne. Saurayi mai ƙarfi ya faɗi haka kawai, in babu wanda ya jawo, to kowa ma zai iya faɗuwa gobe. Ya fi musu sauƙi a ce wani ne.

Akwai wani babba a cikinmu da ya riga mu zuwa Masar da shekaru, muna kiransa Yaya Malam. Mutumin kirki ne, shi ya tara masu ba da jini, shi ya yi ta zirga-zirgar takardu. Shi ne kuma ya tare Sini a barandar asibiti, Sini na riƙe da kular romo da ya dafo.

"Ya akhi, abin da ka yi ya isa. Ka koma da abinka."

Sini ya ja da baya da kularsa. Ya dubi fuskokin da ke wurin, mutanen da yake sallah da su sahu ɗaya, kowa ya kawar da kai. Na ce, "Yaya Malam, likita fa ya ce…" Ya ɗaga mini hannu ya ce ba lokacin gardama ba ne. Sini ya juya ya sauka.

Bai daina zuwa ba. Akwai wani ɗan dakali a gindin bishiya daura da ƙofar asibitin, nan yake zama kullum bayan la'asar, in sauko in faɗa masa yadda aka kwana. Ranar ba da jini ya shiga layi can baya, ba wanda ya ce masa uffan, ya bayar ya tafi. Shi kuwa mara lafiya an killace shi a ɗaki, ba a barin kowa ya shiga sai mai jinya, ni ke nan a lokacin, don jikinsa ba ya iya yaƙi da ko mura. Ya tambaye ni ina Sini, na ce yana ƙasa. Ya gane. Ya ce, "Ka gaya musu ni na ƙi ji." Na gaya musu, suka ce ai halinsa ne, ba ya son a ga laifin kowa.

Ana cikin haka mahaifiyarsa ta iso tare da ƙanenta, wato kawun abokina. Ba ta taɓa shiga jirgin sama ba sai wannan karon. 'Yar ƙaramar dattijuwa ce, hannunta duk kanta irin na macen da ta sha daka da surfe, ba ta da yawan magana. Inna nake ce mata. A nan na san abin da abokina bai taɓa gaya mini ba: shi ɗan fari ne. Tun da aka yaye shi aka kai shi wurin kakarsa, can ya girma, daga nan makarantar kwana, daga nan Masar. Irin matan da ne masu tsananin kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, sai dai "yaron nan" ko "wannan". Shi kuma Yaya yake ce mata, yadda ya taso ya ji kawunnansa na kiranta.

Zaman jinyarsu abu ne da ban taɓa ganin irinsa ba. Takan zauna can wajen ƙafafunsa, ta juya gefe tana jan carbi. Ya ce, "Yaya, kin ci abinci?" Sai ta dube ni ta ce, "Ka ce masa na ci." Wata rana da hantsi ya sami barci, na hango ta ta gilashin ƙofa ta miƙa hannu za ta taɓa ƙafarsa. Hannun ya tsaya a sama. Sai ta kama bakin zanin gadon ta gyara, ta mayar da hannunta cinya.

Bai yi wata biyu a asibitin ba. Wata Alhamis da safe Allah ya karɓi abinsa, kawunsa na riƙe da kansa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Inna ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ta tashi ta fuskanci bango, ta daɗe a tsaye. Ba wanda ya ga hawayenta. Da aka tambaye ta ko a kai shi gida, ta ce ƙasa duk ta Allah ce, a rufe shi inda ya cika.

A wajen jana'iza Sini yana sahun ƙarshe. Da aka ɗauki makara ana karɓa-karɓa, na ga ya matso zai sa kafaɗa, sai gurbin ya rufe. Ya sake matsowa ta ɗaya gefen, nan ma ya rufe. Haka ya bi mu a baya har aka gama.

Ranar sadakar uku a shaƙƙarmu aka zauna. Maza sun cika falo har bakin ƙofa, Inna tana ɗakin marigayin tare da wasu matan ma'aikatan ofishin jakadanci da suka zo taya ta zama. Bayan azahar ta aiko a kira ni. Ashe maganar ta riga ta kai kunnenta.

"An ce akwai wanda ya ba yaron nan magani."

Na ce, "Akwai, Inna. Amma likita ya ce…"

"Ban tambaye ka likita ba. Ka je ka zo mini da shi. Ka ce ya taho da tukunyar da sauran maganin."

Da na fito na faɗa, falon ya ɗau ƙus-ƙus. Wasu suka ce hukuma za a kai shi, shi ya sa ta ce a zo da shaida. Na tarar da Sini a bayan gidan abincin kawunsa, zaune gaban kwanon albasa, wuƙa a hannu, bai yanka ko ɗaya ba. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Da na isar da saƙon ya ce, "Tsine mini za ta yi?" Na ce ban sani ba, kuma da gaske ban sani ba. Ya ce, "Tana da haƙƙi." Ya tashi ya ɗauko tukunyar.

Muka shiga gidan tare. Inna ta fito falo, abin da ba ta yi ba tun da aka fara zaman makoki. Ta zauna a kan darduma, Sini ya durƙusa nesa kaɗan, ni a tsakani ina fassara. Ta kwance ƙunshin, ta ɗauki saiwar ta sansana, ta ɓantari ɓawon da farce. Ta juya ɗaya daga cikin jajayen 'ya'yan itacen a tafinta ta ce, "Wannan kamar ɗan'uwan gauɗe." Sannan ta ce, "Ka ce ya dafa. Yadda ya dafa masa, kada ya rage komai."

Ni na kunna wa Sini wutar. Inna ta taso ta tsaya a bakin kicin tana kallon duk abin da yake yi. Dahuwar tana ɗaukar lokaci, kuma duk tsawon lokacin ba wanda ya tafi, warin nan kuwa ya sake cika gidan. Ni kam da na shaƙe shi sai na ji kamar abokina zai fito daga ɗaki yana toshe hanci. Na fita baranda na share fuska na dawo.

Da ya tace, ta ce a zuba a kofin da marigayin yake sha. Ta koma kan dardumarta ta karɓa da hannu biyu. Sai a lokacin muka gane nufinta. Kawu ya yunƙura ya ce, "Yaya, don Allah kada ki sha! Ba mu san mene ne ba."

Ta ce, "In guba ce, ai gara in san abin da ya sha."

Ta yi bismilla ta kafa kai. Ba ta toshe hanci ba, ba ta runtse ido ba, a hankali ta riƙa sha kamar mai shan kunu har ta ga ƙasan kofin. Ta ajiye, ta goge baki da gefen mayafi. Sannan ta ce, "Yana da ɗaci. Yaya aka yi ya yarda ya sha? An ce tun yana ƙarami ba ya son ɗaci."

"An ce" ɗin nan ya soke ni, don na gane ko wannan ma ji ta yi a bakin wasu.

Sini ya ce, kansa a sunkuye, "Dabino nake ba shi in ya shanye."

"Wa ke riƙe masa kofin?"

"Shi yake riƙewa. Amma da jikin ya yi nauyi, ni nake riƙewa."

"Kullum kake zuwa?"

"Kullum."

Ta jinjina kai. Sai Sini ya kasa daurewa, ya fara magana da sauri, Larabcin yana kakkarye masa. Ya ce shi ya dafa karo na biyu alhali zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya ce da ya ƙi tun lokacin, da wataƙila zafin ciwon ya kora shi asibiti da wuri. Ya ce tun ranar da abokinsa ya faɗi a tasha bai yi barcin kirki ba, ta yi masa duk hukuncin da ta ga dama. Na fassara mata duka, ban rage komai ba.

Ta ce, "Ka ce masa taurin kan yaron nan na ubansa ne, ba wanda ya isa ya tanƙwara shi. Ka ce masa kwana in ya ƙare, ko a gadon likita aka haife ka sai ka tafi." Ta numfasa. Ta ci gaba, kuma ba ni take kallo ba yanzu, Sini take kallo. "Ni na haife shi. Amma ban taɓa tsugunawa gaban murhu na dafa masa magani ba. Ban taɓa riƙe masa kofi ba. In ya yi zazzaɓi a gidan kakarsa, sai dai in aiki ƙanwarsa ta leƙo mini, in kwana ido biyu, da safe in yi kamar ban sani ba. Na ce in ya gama karatu ya dawo, na tsufa, kunya ta ragu, zan zaunar da shi in yi masa duk abin da ban yi ba. Ga shi kai da ka fito daga wata uwa duniya ka riga ni. Abin da uwa ke yi, kai ka yi masa."

Sai ta ce, "Allah ya saka maka da alheri, yadda ka kula da…" ta faɗi sunansa. Sunansa na yanka, cikakke. Kawu ya gaya mini daga baya tun ranar suna bai taɓa jin sunan a bakinta ba. Tana faɗa kuwa kukan da ta riƙe tun daga asibiti ya ƙwace mata. Ta yi ta maimaita sunan tana kuka kamar yarinya, matan suka fito suka riƙe ta. Sini ya kifa goshinsa a ƙasa, kafaɗunsa na girgiza. Ban iya fassara masa jimlar ƙarshen ba, kuma bai buƙata ba.

Ba zan ce kowa ya tuba a wurin ba. Wasu sun sulale sun tafi, ba su sake tayar da maganar ba har muka rabu. Amma Yaya Malam ya tashi ya tsallaka falon, ya tsuguna ya ɗago Sini, ya ce, "Ma'alish, ya akhi. Ka yafe mini." Da aka kira la'asar ya kama hannunsa ya tsayar da shi kusa da shi a sahun gaba.

Sini ya ƙarasa karatunsa ya koma ƙasarsu, yanzu yana koyarwa a wata 'yar makaranta a garinsu. Mukan gaisa a waya jefi-jefi. Ya ce mini tun daga ranar bai sake dafa wa kowa maganin nan ba, ko 'ya'yansa in bakinsu ya yi ƙuraje matarsa ce ke dafawa, shi sai ya fita daga gidan. Yafiyar Inna ta sauke masa kaya a gaban mutane, amma akwai sauran da yake ɗauke da shi shi kaɗai. Inna kuwa na je ƙauyensu na gaishe ta bayan na dawo gida, abin da ta fara tambayata shi ne ko ɗanta na Sin yana lafiya. Ita ma yanzu ta riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu, ita da ɗanta.

Abin da wannan al'amari ya koya mini yana da yawa. Na farko mai sauƙin faɗa ne: ciwon da ya lafa ya dawo ba a jira da shi a gama jarrabawa, ko wane irin magani aka sha, namu ko na wasu. Na biyu ya fi nauyi. Idan mutuwa ta zo, mukan waiga mu nemi wanda za mu ɗora wa, kuma wanda hannunmu ke fara kaiwa gare shi shi ne wanda ya fi kusa da mamacin, alhali ƙauna ce ta kawo shi kusa. Wanda ya tsaya nesa bai taɓa komai ba, shi ba a zarginsa. Tun daga lokacin, duk inda na ji ana nuna wani da yatsa a gidan makoki, nakan fara tambaya me ya kai shi wurin mara lafiyar tun farko. Na uku kuma daga hawayen Inna na koya: in akwai wanda kake so, ka yi masa abin da za ka yi yau, ka kira shi da sunansa tun yana iya amsawa.